Ƙwallo Ɗaya Ya Ishi Fili

Ɗalibanmu da yawa suna marmarin rubuta wasan kwamfuta na kansu. Amma mun lura akwai kuskure guda da yakan sa mai koyo ya fid da zuciya tun a makon farko. Bari mu duba shi tare.

A harsuna irin su Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ana gina shiri da "aji" da kuma "abu". Wannan dabara ta samo asali daga harshen Simula na ƙasar Norwe a 1967. Ajin nan ba ɗakin karatu ba ne. Kamar injin buga bulo yake, abu kuwa shi ne bulon da aka buga. Inji ɗaya yakan fitar da bulo ɗari, kowane kuma daban yake.

A ce muna rubuta wasan ƙwallon ƙafa, muna da aji biyu, DanWasa da Kwallo. Mai koyo yakan rubuta Kwallo() a cikin ajin DanWasa. Sakamakon haka, duk lokacin da aka ƙirƙiri ɗan wasa, sai a buga masa sabon ƙwallo. 'Yan wasa 22, ƙwallaye 22! Musa ya buga nasa, Bulus kuwa bai ga kome ya motsa ba, gama nasa yana nan inda yake.

Maganin ba wuya. Mu ƙirƙiri ƙwallon sau ɗaya tak a babban shirin, sa'an nan mu miƙa shi ga kowa:

kwallo = Kwallo()
musa = DanWasa(kwallo)
bulus = DanWasa(kwallo)

A cikin ajin DanWasa kuma mu karɓe shi, mu ajiye da self.kwallo = kwallo. Python ba ya yin kwafinsa, yana nuna wa kowa inda abu ɗayan yake ne kawai. Saboda haka in Musa ya buga, nan take Bulus zai ga ƙwallon ya canja wuri.

Kafin mu rubuta kowane layi, mu tambayi kanmu: abin nan guda nawa ake bukata, wa zai ƙirƙire shi, su wa kuma za su yi tarayya a cikinsa?

Aikin hutu: ku ƙara ajin AllonMaki, ku sa ƙungiyoyi biyu su yi amfani da allo ɗaya. Allah ya ba mu hikima.