Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Darasi a Kan Tukunyar Ɗumama Gida da Yoyon Ruwa

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Ingila da Jamus, yawancin gidaje suna da tukunyar ɗumama ruwa. Tukunyar tana dafa ruwa da gas ko mai, sai wani ɗan inji ya tura shi cikin bututu zuwa wasu ƙarafa masu kama da lagireton mota da aka kafa a ɗakuna. Idan ruwan ya ɗumama ɗaki ya huce, sai ya koma tukunya a sake dafa shi. Wato ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa, bai kamata ya ragu ba. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa.

Yaya mai gida zai gane? Irin wannan tukunya tana da ɗan agogo mai nuna matsin ruwa. Lokacin da take a sanyaye, allurar takan tsaya tsakanin 1 da 1.5. Idan aka ƙara ruwa yau, bayan 'yan kwanaki allura ta sake sauka, alama ce ta yoyo. Idan kuwa ta hau zuwa 3, akwai wata ƙofar tsaro da ke buɗewa ta zubar da ruwa waje don kada tukunyar ta fashe. Wani abin tsoro kuma shi ne ƙanƙara. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin ɗari, ya tsaga bututu. Shi ya sa suke naɗe bututunsu kafin sanyi ya shigo. Gyaran gas ɗin kuwa ba na kowa ba ne. A Birtaniya, tun 2009, mai wannan sana'a sai sunansa yana cikin rajistar Gas Safe.

Mu a nan ba mu ɗumama ɗaki da bututu, amma muna da hita a banɗaki, musamman a wurare irin su Jos lokacin hunturu, muna da tanki da famfo. Darasin ɗaya ne: yoyo ba ya sallama, sai an neme shi. Ga hanyoyi huɗu:

1. Gwajin mita ko tanki. A rufe dukan famfuna, a rubuta lambar mita, ko a ja layi da alli daidai inda ruwa ya tsaya a tanki. Bayan awa biyu a sake dubawa. In an sami canji, ruwa yana fita a ɓoye.

2. Duban bango da ƙasa. Fenti mai kumbura, warin danshi, tsatsa ko kore-kore a mahaɗar bututu, da ciyawa mai tsanwa a wuri ɗaya tsakiyar rani, duk shaidu ne.

3. Gwajin shuɗi. A zuba shuɗin wanki kaɗan a tankin masai na zamani, kada a ja ruwa. In launin ya bayyana a ƙasa bayan rabin awa, robar ciki ta lalace.

4. Duban hita. A shafa busasshen tsumma a ƙarƙashinta da mahaɗanta. In ya jiƙe, a kashe wuta daga makunni tukuna, sannan a rufe ruwa, a kira mai gyaran famfo. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji, haɗuwarsu tana iya kisa.

Ɗalibai, ga aikin lissafi. A tara kofi a ƙarƙashin famfo mai ɗiga na minti 10. A ce an sami mililita 100. A awa ɗaya 600 ke nan, a kwana ɗaya lita 14.4, a kwana 30 kuwa lita 432. Wannan ya haura jarka 17 masu cin lita 25. Ku tambayi wanda ya taɓa ɗebo ruwa daga rijiya da asuba abin da jarka 17 take nufi. Sau da yawa maganin bai wuce sauya 'yar roba a kan famfo ba. In an yi sakaci kuwa, bango ya ruɓe, katako ya ci, a kashe kuɗi masu yawa.

Saboda haka kowa ya san inda makullin babban bututun gidansu yake. In kun ga ɗigo a ɗakin kwana ko kicin, ku sanar da malamin da ke kula da wurin a ranar. Rigakafi ya fi magani.