Aiki a sabon kamfanin buga littattafai: ka koyi komai, amma a rubuta maka naka

Wani matashi daga Agoè-Zongo, a arewacin birnin Lome, ya aiko da tambaya. An ɗauke shi gyaran rubutu a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai da kasuwa ta buɗe wa, ayyuka sai shigowa suke. Yau shi ne mai gyara, gobe shi zai ɗora kwali a zemijan, wato babur ɗin haya, ya kai shagunan kasuwar Asigame, jibi a tura shi karɓo bashi. Ya zauna ko ya nemi wani wuri?

Ƙanena, zauna tukuna. A babbar maɗaba'a irin EDITOGO, mai buga jaridar Togo-Presse, kowa da teburinsa, kana iya tsufa ba ka san yadda ake sa wa littafi farashi ba. Inda kake kuwa, za ka ga littafi tun yana rubutun hannu har ya hau kanta. Ka roƙi maigidanka ya nuna maka lissafin kwafi ɗaya: kuɗin takarda, wadda daga waje ake shigo da ita ta tashar jiragen ruwa, kuɗin bugu da bango, kason mai shago, da haƙƙin marubuci.

Bin bashin nan ma da kake rainawa makaranta ce. Yawancin masu shago ba sa biya sai sun sayar, abin da ya kwanta kuma su maido maka da ƙurarsa. Shi ya sa za ka ga kamfani na ta bunƙasa a ido, amma aljihu wayam, albashi na makara. Ciniki yakan taru ne wajen watan Satumba, lokacin komawa makaranta. Idan a wannan lokacin ma ba a biya ka a kan kari ba, to matsalar ba ta kasuwa ba ce, ka fara duba wata ƙofa.

Ga inda na fi so ka saurara. Mutanen Zongo da amana suka gina kasuwancinsu. Fataken shanu da goro kan sauka wurin maigida, ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, magana ɗaya ta wadatar. Ko da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da mutane wajen Togblékopé, wannan ɗabi'a ta biyo su. Abu ne mai kyau, amma ba a kan sa ake tsayar da aikin albashi ba. Dokar ƙwadago ta Togo ta sa awa 40 a mako, kuma tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 52,500 ne a wata. Ka nemi kwantiragi a rubuce, wanda ya faɗi sunan aikinka da albashinka, ka kuma tabbata an yi maka rajista a CNSS, hukumar inshorar ma'aikata. Kada ka tayar da zancen a gaban ma'aikata. Ka same shi shi kaɗai, bayan an kammala wani aiki lafiya, ka ce: "Alhaji, ina so in daɗe a nan, shi ya sa nake so mu rubuta." Alkawarin "in mun girma kai ne shugaban sashe" yana da daɗin ji, sai dai ranar da aka girma, mai takardar digiri ake ɗaukowa daga waje.

Kana da abin da abokan aikinka da yawa ba su da shi: Hausa, wataƙila har da ajamin makarantar allo. Harkar littafi a Lome ta Faransanci ce, amma masu karanta Hausa na nan daga Akara har Maraɗi. Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun nuna cewa littafin Hausa na da masu saye. Ka kawo shawarar ɗan ƙaramin littafi na makarantun Islamiyya, a buga kaɗan a gwada. Sai ka kula da ƙ, ɗ da ɓ, don wasu haruffan kwamfuta kan mai da su akwati a wurin bugu. Ka kuma yanke tun farko: 'y irin ta Nijeriya za a bi, ko ƴ irin ta Nijar.

Gaggawa ita ce ciwon irin wannan kamfani. Za a ce maka inji na jira, a tura kawai. Kada ka bari aiki ya tafi bugu sai marubuci ya duba shafukan ƙarshe ya sa hannu a kan abin da masu maɗaba'a ke kira "bon à tirer". In kuskure ya fito a kwafi 1,000 ba sa hannun kowa, mai gyara za a nema, kuma a albashinsa za a so a cire kuɗin takardar.