Yadda A Ke Kawar Da Tsatsa Daga Tsohuwar Bindiga

Ya kai manomi, in ka sayi tsohuwar bindigar harbin tsuntsaye don tsaron gonarka daga birai da jan-baki, da wuya ka same ta ba ɗigon tsatsa a jikinta. Kada wannan ya tsorata ka, kada kuwa ka yi garaje. Sau da yawa hannun mai gyara ya kan fi tsatsar ɓarna.

Ga dalili. Baƙin nan da ka ke gani a kan bututun bindiga ba fenti ba ne. Wani irin rini ne da a ke yi wa ƙarfen a masana'anta, kaurinsa bai kai na takarda ba. Shi da mai su ne ke tsare ƙarfen daga laima. In ka dirje shi da yashi, ko toka, ko samfefa, yadda a ke yi wa tukunya, ka tuɓe wa bindiga riga ke nan, tsatsa kuwa za ta komo fiye da dā.

To, ga yadda za ka yi.

1. Ka karya bindigar, ka tabbata ba harsashi a ciki. Ka duba da idonka, ko da mai sayarwa ya rantse. Sa'an nan ka raba bututun da ƙotar, don kada mai ya jiƙa itacen.

2. Ka shafe wurin tsatsar da man bindiga, ko man keken ɗinki. Ka bar shi ya jiƙa kamar awa 1, in ya kwana ma ya fi. Kada ka sa man gyaɗa ko manja, gama su kan daskare su yi danƙo.

3. Ka goge da tsumma mai tsabta. Tsatsa sabuwa ta kan fita tun daga nan.

4. Wadda ta ƙi, ka nemi soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. Ka jiƙa shi da mai, ka riƙa shafawa a hankali bisa tsawon bututun. Ka riƙa share jan man da ke fitowa, don garin tsatsa da kansa ya kan karce ƙarfe.

5. In wani ɗigo ya yi tudu, ka kankare shi da gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, gama ya fi ƙarfen bindiga taushi.

6. Ka goge sarai, ka bar mai kaɗan a jiki.

Bayan wannan ka ɗaga bututun wajen haske, ka leƙa ciki. In ka ga ramuka, ko kumburi, ko tsaga, tsatsa ta riga ta ci ƙarfe. Kada ka harba. Bututun bindigar tsuntsaye ba shi da kauri, yana iya fashewa a hannunka. Ka kai wa gwanin gyaran bindiga ya duba.

Daga nan sai tsari. Gumin hannu yana da gishiri, saboda haka duk ran da ka taɓa ƙarfen ka goge shi da tsumman mai. Da damina kada ka jingina ta a bangon ƙasa, kada kuma ka bar ta cikin kube na fata. Ka ajiye ta a busasshen wuri, a kulle, inda yara ba su kaiwa, harsashi kuwa dabam. Rigakafi ya fi magani.