Man Shanu ko Man Zaitun: Dokoki ga Mai Son Rage Ƙiba

Wata 'yar uwata da likita ya ce lallai ta rage nauyi saboda hawan jini ta kori man shanu daga kicin ɗinta, ta sayo man zaitun kwalba mai lita ɗaya da kuɗi masu tsoka. Na je na tarar tana soya dankalin Turawa da ƙwai. Ta karkata kwalbar, man yana ta kwarara har ya shafe gindin kasko ya taso, tana ce mini, “Ai wannan ba ya sa ƙiba.” Bayan wata biyu ta hau sikeli, allura ta ƙi komawa baya, siket ɗin ma sai da aka mayar wa tela ya buɗa shi. An ƙi cin biri an ci dila. Saboda ita da ire-irenta na tsara waɗannan dokoki, kuma ba lallashi zan yi ba.

1. Kada ki yarda da duk wanda ya ce miki akwai man da ba ya sa ƙiba. Babu shi. Kowane giram na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram na sitaci (irin na cikin shinkafa) ko sukari 4 ne. Babban cokali ɗaya na man zaitun kalori kusan 120 ne. Na bota ko ɗanyen man shanu kusan 100, domin kashi 80 cikin ɗari ne kawai mai a cikinsa, sauran ruwa ne da gurbin nono. Ki sake karantawa: cokali da cokali, man zaitun ya fi ɗanyen man shanu kalori. Idan kuwa aka soya man shanun ruwan ya ƙone, kamar yadda muke yi da albasa, to sun zo kunnen doki. Tumbi bai san tsada ba, bai san sunan ƙasar da aka matso man ba.

2. Ki auna. Wannan ita ce uwar dokokin, sauran 'ya'yanta ne. Kada ki sake tsiyaya mai daga kwalba kai tsaye zuwa tukunya, kada kuma ki ɗiba da ludayi, domin ludayin miya na iya cin cokali biyar ko shida ba ki sani ba. Ki ware cokali guda ki ajiye shi kusa da murhu, aikinsa ke nan. Ga lissafin: rarar cokali 3 a rana a cikin kwanonki kalori 360 ne. A kwana 30 ya zama 10,800, kilo ɗaya na teɓar jiki kuwa kalori wajen 7,700 ne. Kin ga ke nan rarar da ido ba ya ma ganinta ta isa ta cinye duk wahalar tattakin da kike yi da asuba. Ki ƙirga bakunan da za su ci daga tukunyar, ki raba man da su. Idan rabon mutum ɗaya ya wuce cokali guda a girki ɗaya, kin zarce.

3. Idan maganar zuciya ake yi, ki zaɓi man zaitun, babu ja. A nan ne bambancin yake na gaskiya. Man shanu cike yake da kitse mai daskarewa, irin wanda kike gani ya sandare a kwano da sanyin hunturu: giram 7 a kowane cokali. Man zaitun giram 2 ne, yawancinsa kitse ne mai sauƙi ga jijiyoyin jini. Kitse mai daskarewa yana ɗaga muguwar kolestarol, wadda ke taruwa a bangon jijiya har hanya ta ƙuntata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 22 ke nan. Cokali 3 na man shanu sun cinye 21, tun ba a kawo maganar nama da kindirmo ba.

An yi wani babban bincike a Sifaniya mai suna PREDIMED a kan mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya. An fitar da sakamakonsa a 2013, aka gano kurakurai a yadda aka raba wasu daga cikin mutanen, aka sake lissafi aka fitar a 2018. Waɗanda aka bai wa man zaitun tare da abincin yankin Bahar Rum sun samu raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma ki lura da abin da suke zuba man a kai: ganye, wake, kifi, 'ya'yan itace. Ba cincin da fanke ba. Kuma binciken zuciya ne, ba a shirya shi don rage ƙiba ba.

4. Ki musanya, kada ki ƙara. Man zaitun yana amfani ne idan ya hau kujerar man shanu. Idan kika soya miya da manja, kika zuba man shanu a tuwo, sannan kika yaryaɗa zaitun a kan kwaɗon zogale da sunan lafiya, mai uku kika ci a zama ɗaya.

5. Kada ki yi girki da man shanu, ki mai da shi ƙamshi. Ba zan ce ki rabu da shi ba, don na san ba za ki ji ba, ni ma ba zan ji ba. Tuwon dawa da miyar kuka babu man shanu kamar biki ne babu kiɗa. Amma ki dubi yadda ake yi a gidajenmu: a huda tsakiyar malmala, a kwarara mai har ya yi tafki, a riƙa tsoma loma tana ɗiga har gwiwar hannu. Wannan ne ya ƙare. Cokalin shayi ɗaya na soyayyen man shanu, kalori wajen 40, a zuba shi a kan miya tana turiri, ya isa ya cika ɗaki da ƙamshi. Hanci ne ke son man shanu fiye da ciki. Haka za ki yi wa ɗanwake, dambu da fate. Ranar da kika sa shi a tuwo kuma, ki rage man da za ki soya miyar da shi.

6. Kada ki sha man zaitun da safe kafin karin kumallo wai don ya narkar da teɓa. Zaitun itace ne mai albarka, an ambace shi a Alƙur'ani, babu mai musun wannan. Sai dai albarkarsa ba ta cire masa kalori ba. Cokali biyu da kika haɗiye a tsaye kalori 240 ne, ya kai na cikakken ƙaramin kwanon shinkafa, kuma ba zai hana ki jin yunwa da hantsi ba. Mai ba ya narkar da mai a cikin jiki. Duk mai sayar da kwalba da ya gaya miki haka, cinikinsa yake nema.

7. Ki san ƙarfin wutar da kowanne ke iya ɗauka. Bota da ɗanyen man shanu suna fara hayaƙi tun wajen digiri 150, saboda gurbin nonon da ke ciki yana ƙonewa. Man zaitun na matsar farko yana kaiwa wajen 190 zuwa 210, don haka ya isa soya albasa, tumatir da ƙwai. Maganar da ake yaɗawa cewa ba a ɗora shi a wuta sam ba gaskiya ba ce. Soyayyen man shanu ya fi su jure zafi, yana kaiwa kusan 250. To amma kada wannan ya zama miki hujjar yin suyar tsoma-tsoma. Ƙosai, awara da doya da aka nutsar a mai suna shan sa kamar soso, ko da wane mai ne. Mai son rage ƙiba gashi da turarawa da dafuwa ne abokanta. Man da ya yi baƙi a kasko kuwa, ki zubar, kada ki tace ki sake.

8. Ki karanta jikin kwalba kafin ki miƙa kuɗi. Wanda aka rubuta wa “extra virgin” shi ne matsar farko da ba a tace da sinadari ba. Wanda aka rubuta wa “light” launinsa da ɗanɗanonsa ne suka yi sauƙi, kalorinsa bai ragu da ko ɗaya ba. “Pomace” kuwa daga tunkuzar zaitun ake tatso shi. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa samar da man zaitun, kuma farin da ya same ta a 2022 da 2023 ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Inda tsada ta shiga, algus na biye da ita. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji wanda aka ɗura a robar da ba ta da suna. Kada ki ajiye shi a gefen murhu ko bakin taga, zafi da haske suna lalata shi.

9. Kada ki ci bashi don man zaitun. Idan aljihu bai kai ba, man gyaɗarmu na gida ya wadatar: kitsensa mai daskarewa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, kuma yana jure wuta. Man riɗi ma haka. Manja ne za ki yi hattara da shi, kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa. Miyar da jan mai ya taso a samanta ya kwanta, ki kwashe shi da cokali kafin a zuba.

10. Kada ki ɗauka botar gwangwani da ake shafa wa burodi ta fi man shanu sauƙin kalori. Yawancinta man tsirrai ne aka daskarar. Shafi biyu masu kauri a burodi, ga shayi mai madara da sukari cokali uku, an gama da ke tun ƙarfe bakwai na safe.

11. Kada kuma ki yi fushi ki yanke mai gaba ɗaya. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sai da ɗan mai, don haka alayyafo da karas ɗin da kika ci a bushe ba ki samu cikakken amfaninsu ba. Ramar gaggawa tare da ƙaurace wa mai tana iya haifar da tsakuwa a matsarmama. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Mai ciwon sukari, mai juna biyu da mai shayarwa su fara ganin likita kafin su taɓa abincinsu.

12. Kai kuma maigida, da kake cewa miya ba ta yi daɗi ba idan ba ka ga mai yana yawo a kanta ba, ka karɓi tef ɗin tela ka zagaya shi daidai cibiyarka. Idan ya haura santimita 102, ko 88 ga mace, dokokin nan naka ne kafin su zama nata. Ka daina tura yaro ya ƙaro man shanu, ka bar ta ta auna.