Kwaikwayon Na'ura a Horar da Likitocin Tiyatar Ƙwaƙwalwa: Nazari a kan Tsarin NeuroTouch na Kanada

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake amfani da na'urar kwaikwayo wajen koyar da tiyatar ƙwaƙwalwa, tare da ɗaukar NeuroTouch a matsayin misali. An gano cewa na'urar tana rage wa majiyyaci haɗarin kuskuren ɗan koyo, amma ba ta maye gurbin malami.

1.0 Gabatarwa

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce da ba ta yafe kuskure. Idan hannun likita ya kauce da 'yan milimita kaɗan, majiyyaci na iya rasa magana ko gani ko motsin wani ɓarin jikinsa har abada. Duk da haka, babu likitan da aka haifa da ƙwarewa, dole sai ya koya. Tambayar ita ce: a kan wa zai koya?

2.0 Tsohon Tsarin Horo

Tsarin da William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 ya ginu ne a kan almajirci. Ɗalibi zai kalli malaminsa, ya yi aikin a gabansa, daga baya ya koyar da wani. Harvey Cushing, wanda ake ɗauka uban tiyatar ƙwaƙwalwa ta zamani, ya fito ne daga wannan makaranta. Sai dai a shekarar 2003 an ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka sa'o'i 80 na aiki a mako, don rage kurakuran da gajiya ke haifarwa. Hakan ya rage lokacin da suke samu a ɗakin tiyata. Gawa kuwa, wadda aka daɗe ana koyo a kanta, ba ta zubar da jini, kuma samunta na da wuya.

3.0 Yadda NeuroTouch ke Aiki

Harkar jiragen sama ce ta fara nuna hanya, tun da Edwin Link ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgi a 1929. A 2008 Hukumar Bincike ta Ƙasar Kanada ta fara aikin NeuroTouch, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa NeuroVR.

Ɗalibi yakan leƙa ta wani madubi mai kama da na ɗakin tiyata, ya ga ƙwaƙwalwar da kwamfuta ta zana tana bugawa. A hannuwansa akwai kayan aiki biyu da ke mayar masa da nauyin taɓawa, don haka yana jin bambancin taurin ƙari da laushin nama mai lafiya. Idan ya yanke jijiya, jini zai malalo ya rufe masa gani. Na'urar tana auna ƙarfin dannawarsa, da yawan ƙarin da ya cire, da naman da ya ɓata, da jinin da ya zuba. Abin da malami kan kimanta da ido a da, yanzu ya koma alƙaluma.

4.0 Sakamako da Iyakoki

A Jami'ar McGill da ke Montreal, cibiyar da Rolando Del Maestro ke jagoranta ta haɗa na'urar da ƙirƙirarriyar basira. Binciken da ta wallafa a 2022 a kan ɗaliban likitanci 70 ya nuna cewa waɗanda kwamfuta ta yi wa gyara sun fi waɗanda ƙwararru suka koyar daga nesa samun maki. Amma nazarin da ya biyo baya a 2023 ya gano cewa, ko da yake sun rage ɓarnar nama mai lafiya, hannunsu ya yi sanyi, saurin cire ƙarin ya ragu. Ma'ana, na'ura tana koyar da abin da aka ce ta auna ne kawai. Haka kuma ba ta san fargabar da ke kama likita sa'ad da ran mutum yake hannunsa ba, ga kuma tsadar da ta sa asibitocin koyarwa marasa ƙarfi ba sa iya mallakarta.

5.0 Kammalawa

Hausawa kan ce da koyo akan iya. Amfanin kwaikwayo shi ne ya ɗauke kurakuran farko daga kan majiyyaci ya ɗora su a kan na'ura, inda ake iya maimaitawa sau ɗari ba tare da asarar rai ba. Hukuncin ko ɗalibi ya isa a miƙa masa wuƙa kuwa yana nan a hannun malamin da ya tsaya a bayansa.