Darasin lissafi: lambar 86 400

Kwana guda awa 24 ne. Awa guda minti 60 ce, minti guda kuma sakan 60. In an ninka 24 × 60 × 60, za a samu 86 400. Wannan shi ne yawan sakan da ke cikin dare da rana.

Ana karanta lambar haka: dubu tamanin da shidda da ɗari huɗu. Da kuɗi ne, tamma 86 400, sai ƴan kasuwa su ce jikka tamanin da shidda da dala tamanin.

Alƙalumanta biyar ne: 8, 6, 4, 0, 0. Tun da sifiri ke ƙarshenta, cika ce, ba mara ba. Tana rabuwa da 2, da 5, da 10. In an tara alƙaluman, 8 + 6 + 4 ya ba da 18. To, 18 na rabuwa da 3 da 9, saboda haka ita ma tana rabuwa da su: 86 400 : 9 = 9 600.

Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da 1 da kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. In aka yi ta raba 86 400 biyu-biyu, sai an yi sau bakwai: 43 200, 21 600, 10 800, 5 400, 2 700, 1 350, 675. Nan rabon biyu ya tsaya, don 675 mara ce. Ita ko 675 daidai take da 3 × 3 × 3 × 5 × 5. Ashe duk girman lambar, tubalanta iri uku ne kawai: 2, 3 da 5. Daga cikinsu ake samun lambobi har 96 da ke raba ta ba saura.

Wannan sauƙin rabo ya fito ne daga 60, wadda mutanen Babila suke ƙirga da ita tun shekaru dubbai da suka wuce.

Amma 7 ta gagara. A ce manoma bakwai suna ban ruwa da rijiya guda, suna son raba kwana daidai tsakaninsu. Kowa zai samu sakan 12 342, sakan 6 su saura. Da a ƙara sakan guda tak, lambar ta zama 86 401, da rabon ya tafi daidai: 7 × 12 343. Sai dai 86 401 mara ce, ba ta rabuwa da 2, ko 3, ko 5.

Aiki
1. Da manoman takwas ne, awa nawa kowa zai samu? Sakan nawa ke nan?
2. A raba 86 400 da 11. Nawa ya saura?
3. Sakan nawa ke cikin mako guda? Wannan lambar tana rabuwa da 7? Don me?