Filin Lafiya: Ƙari a Maƙogwaron Baba

Likita, mahaifinmu ya haura shekara 60, kuma ya daɗe yana shan taba. Muryarsa ta dishe wata da watanni, in ya haɗiyi abu zafin har cikin kunne. An leƙa maƙogwaronsa da na'ura, an ɗan yanki tsoka an gwada, aka ce ƙari ne mai suna atypical carcinoid, sai an yi tiyata. Baffanninmu sun ce a yi masa gashi kawai, kada wuƙa ta raba shi da muryarsa. Ni ce babba, kowa ni yake kallo. Yaya zan yi?

'Yarka daga Zariya

'Yata, Allah ya ba Baba lafiya.

Da a ce sankarar maƙogwaro ce wadda aka saba gani, da maganar baffanninki tana kan hanya, domin gashi kan kashe ta in an tare ta da wuri. Wannan kuwa daban ne. Irinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin maƙogwaro ba, sai a 1969 ma likitoci suka fara bayyana shi a rubuce. Gashi ba ya cinsa sosai. Tiyata ce maganinsa.

Amma kafin a shiga ɗakin tiyata, ki tambayi likita ko an yi wa tsokar gwajin rini na chromogranin, synaptophysin da Ki-67. Na nace a kan wannan ne saboda ƙarin yana da ɗan'uwa mai ƙananan ƙwayoyi, mai saurin yaɗuwa, wanda shi allurar sankara da gashi ake yi masa. In aka kuskure suna, an kuskure magani.

Tsoron rasa murya ba abin rainawa ba ne. Sai dai yawanci wannan ƙari a saman igiyoyin murya yake zama, don haka sau da yawa saman maƙogwaron ake cirewa a bar igiyoyin. Hoton CT ne zai nuna ko hakan zai yiwu ga Baba. Zai ɗan sha wahalar haɗiya bayan aikin kafin ya saba. In an ce za a cire kaluluwar wuya, kada ku hana, can ƙarin yake fara yaɗuwa.

Ki tafi da baffan da aka fi jin maganarsa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya ji da kunnensa. Baba ya bar taba daga yau. Bayan aiki kada a yanke zuwa asibiti ko da shekaru sun ja, kuma duk wani ƙullutu mai zafi da ya fito masa a fata, a kai shi a duba nan da nan.